Gadar Oga Ƙafa-da-Inci

Allah ya yi wa garinmu baiwa da Mataimakin Daraktan Hanyoyi, mutumin da ko atishawa zai yi sai ya auna ta. Wata uku kacal ya yi kwas a ƙasar waje, amma ya dawo da ilimin da har yau kansa bai gama saukewa ba. Tun daga ranar ya daina jin mita da kilomita. Shi ƙafa ya sani, da inci, da mil, shi ya sa ma'aikatansa ke kiransa Oga Ƙafa-da-Inci, a bayan idonsa dai.

A ofishinsa akwai tsohon tef na awo cikin akwatin gilashi, ba a taɓa shi sai dai a goge masa ƙura. Na'urar lissafi kuwa ya hana a ajiye masa a tebur.

"Mita awon 'yan koyo ne," in ji shi, yana shafa tumbi. "Manyan ƙasashe da ƙafa suka gina duniya. Lissafi kuma a nan yake." Sai ya ƙwanƙwasa goshinsa da biro.

Gida ma bai tsira ba. Idan matarsa ta ce a sayo lita biyu ta man girki, sai ya zaunar da ita ya yi mata lacca kan galan har tukunya ta ƙone. 'Ya'yansa kuwa kowa ya haddace tsawonsa da inci, don ba a cin abinci sai an faɗa.

Ana haka kujerar darakta ta zama babu kowa. Oga ya ƙwallafa rai a kanta har ya rame a wuya, ko da yake tumbin bai sani ba. Aka ce Minista zai zo buɗe sabuwar gadar sama da ake ginawa a bakin gari, kuma daga nan zai yanke wanda zai hau kujerar. Aikin gadar a hannun Oga yake.

Zanen da aka aiko daga hedikwata ya ce tsayin gadar daga ƙasa mita biyar ne. Oga ya yamutsa fuska kamar an ba shi magani mai ɗaci.

"A ofishina ba a yin wannan yaren. Mita ai ƙafa biyu ce, kowa ya sani. Biyar sau biyu, goma. A yi ta ƙafa goma!"

Injiniyoyin suka kalli juna, suka kalli silin. Mita ta haura ƙafa uku, duk sun sani. Amma sun kuma san inda aka tura na ƙarshen da ya yi wa Oga gyara, wani ƙauye da ko keke ba ya zuwa. Ɗan kwangila ya ce bai taɓa ganin kaifin ƙwaƙwalwa irin wannan ba, ya fita da sauri kafin a canza magana.

Matarsa ce kaɗai ta yi ƙarfin hali. Da ya kai ta ganin aikin, ta ɗaga kai, ba ta ɗaga da nisa ba.

"Baban yara, anya gadar nan ba ta yi ƙasa ba?"

"Idonki na mita ne," ya ce, ya ja gilashin mota.

Don kada Minista ya sha wahalar tambayar wane gwani ne ya yi aikin, Oga ya sa aka zana hotonsa a jikin wani dogon allo, ninkin tsawonsa, yana tsaye cikin kwat yana nuna gaba da yatsa. A ƙarƙashin takalman aka rubuta da manyan baƙaƙe: WANDA YA AUNA GADAR NAN. Aka kafa allon a bayan motar ɗaukar kaya, ita za ta fara ratsa ƙarƙashin gadar ta tsaya a gaban rumfar manyan baƙi.

Ranar buki Oga ya karɓi makirfo ya ƙi saki. Ya yi bayanin tarihin inci, ya la'anci santimita, ya ce ko bayan ransa gadar nan za ta ci gaba da faɗin ko shi wane ne. Minista na ta duba agogo. Daga ƙarshe Oga ya ɗaga hannu, direba ya taka mota, makaɗa suka ɗauka.

Sai ji aka yi ƙaraf! Kan motar ya wuce da ƙyar, amma allon ya karye daga ƙugu. Kai da kwat da yatsan da ke nuna gaba suka faɗo ta baya, suka kife a kwalta. Direban, da yake an ce masa kada ya tsaya sai gaban rumfa, bai tsaya ba.

Abin da ya iso gaban Minista wando ne da takalma masu sheƙi, da rubutun nan a ƙasansu. Kiɗa ya mutu. Ni kaina sai da na ji tausayin Oga, don har lokacin hannunsa na sama, ya manta bai sauke ba.

Minista ya gyara tabarau, ya karanta rubutun a hankali, ya dubi ƙafafun, ya dubi gadar, sannan ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Ba shakka," ya ce. "Da gani ka san da ƙafa aka auna ta, ba da kai ba."