Rasuwar 'Yar Baƙa, Sandar Tuƙin da Na Yi wa Ƙazafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama wanda tun ranar Talata bai san abin da zai riƙe ba, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, abokan aiki, da ɗaukacin matuƙan jirgin sama na cikin ɗaki, rasuwar sandar tuƙina, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta rasu ranar Talata da misalin ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, a kan teburinta, tana da shekara tara, bayan doguwar jinyar da yanzu ta tabbata ba ita ce mai ciwon ba.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, kuma ba su san ni ba, ni direba ne. Bas ɗin ma'aikatan wani kamfanin sabulu nake ja, mai kujera talatin da biyu, shekara ashirin da ɗaya ke nan. Ina sauke mutane ƙarfe bakwai na safe, in koma kwasarsu ƙarfe huɗu. Abin da ke tsakani nawa ne, kuma a cikinsa nake tashi sama. Akwai manhaja a kwamfuta da ke kwaikwayon tuƙin jirgi, da gajimarensa da iskarsa da titin saukarsa, sai dai ba a mutuwa. 'Yar Baƙa ita ce sandar da ake riƙewa: ka ja ta baya jirgi ya ɗaga hanci, ka tura ta gaba ya sunkuya, ka karkata ta ya bi. Ban taɓa sa ƙafa cikin jirgin gaske ba, amma ni da ita mun yi sa'a dubu huɗu da ɗoriya a sama, kuma ba fasinjan da ya taɓa kai ƙararmu.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da tsirfa. Ba ta cikin irin sandunan zamani masu fitilu kala-kala da maɓallai arba'in, waɗanda sai ka sauko musu da wata manhaja ta musamman kafin su amsa gaisuwa. Ita da ka jona kebul ɗinta, shi ke nan, ta tashi aiki. Ta ga bayan kwamfuta uku. Ta sha shayi sau biyu ba da son ranta ba. Ta faɗo daga tebur ranar da Maman yara ta ja labule da ƙarfi, ta tashi ta kakkaɓe jikinta ta ci gaba. Duk lokacin da masu manhajar nan suka turo sabuntawa, kuma ba sa turowa sai ranar da mutum ya fi ɗokin tashi, saitin kowa ya watse, maɓallin birki ya koma na fitila, ita ba ta taɓa yin fushi ba. Sai mu zauna mu sake gaya wa kowane maɓalli aikinsa, ɗaya bayan ɗaya.

Za mu daɗe muna tuna muryarta. Idan aka ja ta baya lokacin tashi, takan ce ƙiiƙ, a hankali, kamar ƙofar tsohon kabad. Maɓallin da ke ƙarƙashin ɗan yatsa kan ce ƙyat. Idan an sake ta kuma ta koma tsakiya da ɗan tum. Iyakar maganarta ke nan a shekara tara. Ba ta taɓa sa baki cikin gardamar zaurenmu na waya ba, inda ake ta musu kan ko mai tuƙi da allon rubutu matuƙi ne. Ni dai ra'ayina sananne ne: magatakarda ne. Wanda kuwa ke danna maɓalli jirgi ya tuƙa kansa tun daga tashi har sauka, ya tafi ya soya ƙwai ya dawo, wannan fasinja ne da ya zauna a kujerar gaba.

Yanzu dole in zo kan zancen jinya, kuma ina roƙon masu karatu su yi mini uzuri, don nan ne bakina ke nauyi.

Shekara uku da suka wuce na fara sauka a hagun farin layin da ke tsakiyar titi. Da farko taku ɗaya ne, daga baya taya ɗaya a ciyawa. Nan take na yanke hukunci: 'Yar Baƙa ta fara jan hagu. Ciwo ne sananne a danginsu, kowa a zaure ya san shi, kuma kowa likita ne. Aka ce in shiga shafin saiti in juya ta kusurwa huɗu don kwamfuta ta sake sanin tsakiyarta. Na yi. Aka ce in faɗaɗa ɗan filin nan na tsakiya inda motsi kaɗan ba ya ƙirguwa. Na faɗaɗa shi har sai da ya zama sai na ture ta kamar mai tura mota kafin jirgi ya waiwaya. Aka ce in sauya ramin kebul, in kashe iska a manhaja don a gane ko ita ke ture ni, in rage gajimare da inuwa don kwamfuta ta daina sarƙewa, in goge cikinta da auduga da sifirit. Duk shawarwari ne masu kyau, kuma ina ba duk mai sandar da ke ja da gaske shawarar ya bi su a jere. Ni dai na bi su, na ci gaba da sauka a ciyawa.

A cikin waɗannan shekarun ne kuma madubin hagu na bas ɗina ya karye sau uku. Na farko na ce ginshiƙin ƙofar kamfani ne aka gina a karkace. Na biyu na ce taya ce ke ja, na sa makanike ya kwana biyu a ƙarƙashin mota. Na uku mai keke ne, kuma Allah ya tsare, hularsa kawai madubin ya ɗauke. Na ce daga ina ya ɓullo? Ma'aikatan da ke kujerar gaba suka ce tun daga kwana yake gefenmu.

Maman yara ta ce, "Kyaftin," don haka take kirana in tana son tsokana, "sanda na jan hagu, bas na jan hagu, jiya kuma ka zuba shayi a gefen kofi. Kayan gidan nan duka sun haɗa baki ne?"

Na ce mata ba ta san kan injin ba. Na tuna mata cewa duk shekara ina cin gwajin ido a asibitin kamfani. Abin da ban tuna mata ba shi ne allon haruffan da ke bangon nan ba a sauya shi ba tun ranar da aka ɗauke ni aiki. Na haddace shi har layin ƙasa. Nas ta ce in rufe ido ɗaya, in rufe, in karanto mata daga ka, ta buga hatimi, ta ce idona kamar na saurayi. Ina tsoron ranar da za a ce in ajiye makulli, don ban iya komai ba a duniya sai tuƙi, kuma akwai yara uku a makaranta.

Wata biyu kafin rasuwar na kai marigayiya wurin mai gyara, wani dattijo mai shago a bayan tashar mota, cike da gawawwakin rediyo. Ya buɗe ta, ya hura, ya jona, ya nuna mini ɗan ɗigon da ke shafin saiti yana zaune daram a tsakiyar akwatinsa. Ya ce, "Malam, lafiyarta ƙalau. Da duk abin da ake kawo mini haka yake, da na rufe shago." Na karɓe ta na fito ina cewa a raina, mai gyaran rediyo me ya sani game da jirgin sama.

Ranar Talata na yanke shawarar yi mata aiki da kaina. Tunda ta ƙi barin hagu, zan lanƙwasa sifirin ɗin cikinta, ƙarfen da ke mayar da ita tsakiya, ya riƙa tura ta dama. Na kwance sukurori shida, na sa filaya, na murɗa. Ta ce ƙiiƙ, na ƙara murɗawa. Sai ƙas. Wuyanta ya karye daga tushe, wata 'yar waya ja ta tsinke, ta kwanta a gefe ɗaya. Na jona ta a ramuka huɗu, kwamfuta ba ta ko yi ƙarar shaidar an shigo ba. Iyalai na so a sani cewa ba ta sha wahala ba, kuma wanda ya yi aikin ba shi da takardar shaida.

Washegari da hantsi ƙanin Maman yara, wanda muke kira Injiniya, ya zo ta'aziyya. Shi ma ɗan zaurenmu ne. Ya zo da tasa sandar, sabuwa fil, mai fitilu, ya ce in riƙa ragewa da ita kafin in samu wata. Na yi godiya, har da ɗan murna a ɓoye, don yau za a wanke ni. Muka zaɓi rana tsaka, ba iska, ba gajimare, titi mai faɗi da ko makaho zai samu. Na daidaita jirgi da titi, muryar manhaja na ƙirga tazarar ƙasa, hamsin, arba'in, talatin. Na sauka a ciyawar hagu, na bi ta kan wani allo, na tsaya hanci a cikin shinge.

Na juya wajen Injiniya. Na ce sandarsa ma tana ja.

Injiniya ya ce, "Yaya, ɗan matsa in gani." Ya zauna, bai taɓa saitin komai ba, ya zagayo, ya ɗora tayar gaba a kan farin layi kamar da rula ya auna. Bai dube ni ba. Ya shiga gyara igiyar agogonsa.

Maman yara na tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu. Ta ajiye shi, ta zo bayana, ta sa tafin hannunta ta rufe mini idon dama. Hannun na ƙanshin albasa. Ta ce, "Karanta mini lambar da ke ƙasan allon kwamfutar."

Ba allon asibitin kamfani ba ne, ban haddace shi ba. Na ga haske, na ga wani abu kore-kore, kamar ana kallo ta gilashin da aka shafa wa sabulu. Babu lamba, babu titi, babu jirgi. Na ce ta ɗan ba ni lokaci. Ta ba ni. Ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai ta ɗauke hannunta daga fuskata a hankali. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma ji kunya, kuma ba shingen cikin kwamfuta nake tunani ba, mai keken nan nake tunani.

Ƙarfe uku da rabi ta yi, lokacin da nake tayar da bas. Yana nan a ƙofar gida, na wanke shi da safe. Mutum talatin da biyu na can suna cire safar hannu suna jiran ƙahona. Na ɗauki makulli na zauna da shi a hannu har kusan minti goma. Daga nan na kira manajan sufuri na ce ya turo wani direban, na kuma gaya masa a sauya allon da ke asibiti. Ya ce, "Wane allo?" Na ce zan zo in yi bayani, da ƙafa.

Saboda haka, a gaban duk wanda ya karanta wannan sanarwa, ina janye duk abin da na faɗa a kan marigayiya, a zaure da wajen zaure. Ba ta taɓa jan hagu ba. Shekara uku tana kai ni daidai inda na nuna mata, ina zaginta, ina buɗe cikinta, ba ta ce komai ba sai ƙiiƙ. Ina kuma neman afuwar mai gyara, da makanike, da magina ginshiƙin ƙofar kamfani.

Ta rasu ta bar kwamfuta ɗaya mai fama da zafin jiki, da fedar ƙafa biyu waɗanda ɗayansu ke tsaye da taimakon bulo, da abin sauraro mai kunne ɗaya, da kujerar roba, da sukurori shida da ke cikin murfin kwalba. Ta bar mai ita, wanda likitan ido zai duba ranar Litinin ya faɗa ko abin na cirewa ne ko na zama da shi.

Za a yi mata sutura ranar Asabar ƙarfe goma na safe, a cikin kwalin da ta zo da shi, wanda Maman yara ta yarda ta kwashe zarurrukanta daga ciki. Za a kai ta makwancinta a saman kabad. Ana karɓar gaisuwa a falo. Ana roƙon 'yan zaure kada kowa ya zo da sabuwar sanda, ko shawara, ko sifirit.

Ga ma'aikatan kamfani kuma: sabon direban ba ya jira, ba ya yin ƙaho sau biyu kamar yadda na saba muku, don haka ku fito bakin titi da wuri. Asibitin idon na kan hanyarku, kuma manaja ya ce zan iya bin ku ranar Litinin. Shekara ashirin da ɗaya ina cikin motar nan, kujera ɗaya kawai na sani. Don Allah wani ya bar mini ta bakin taga, a ɓangaren dama.