Jitar da ta tsufa a tukuba

A bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaduna akwai wani kafinta, Malam Jatau, wanda ya daɗe da barin yin kujeru ya koma ƙera jita mai lantarki. Ba kowace iri ba, irin ta zamanin da, wadda Turawa ke zuba wa kuɗi kamar ba su san zafin nemansu ba, don kawai wani ya riga su jiƙa ta da gumi. Samarin coci da masu kiɗan biki su ma irinta suke so, sai dai aljihu bai kai ba. To, Malam Jatau sai ya ƙera musu sabuwa ya tsofar da ita. Ya goge fentin da samfefa daidai inda hannu ke gogawa, ya jiƙa ƙusoshin a ruwan gishiri su yi tsatsa, ya ɗana mata wutar sigari a ka, sannan ya kai wa maƙwabcinsa mai tsire ya rataye ta saman tukuba. Sati biyu a hayaƙin nan, farin fenti ya koma rawaya, ka rantse ta girmi ubanka.

Amma mutumin yana da tsoron Allah irin nasa. Kafin ya ɗaura wa jita wuya, sai ya ƙona sunansa da shekarar da ya yi ta, da jan ƙarfe, a cikin ramin da wuyan ke zama. Kowa ya zo saye kuma sai ya gaya masa kwaikwayo ce, ko bai tambaya ba.

Cikin masu sayen har da Alhaji Mamuda, wani dillalin tsofaffin kaya da bai taɓa kaɗa ko tsirkiya ɗaya ba a rayuwarsa. Shi yakan ɗauka a dubu tamanin, ya yi mata sabon asali a hanyar Legas, ya sayar ninkin ba ninkin. Ƙaurin tsiren ma bai bar shi ya tafi a banza ba, cewa yake yi hayaƙin gidajen rawa ne na zamanin samun 'yancin kai. Ranar da labarin ya zo kunnen Malam Jatau ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce ko da kuɗi a buhu Alhaji ya zo ba zai ƙara sayar masa ba.

Bayan shekara uku, ran nan da hantsi, sai ga Alhaji Mamuda ya shigo shagon rungume da wani akwati, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko jariri. Ya ce yau dai Allah ya haɗa shi da ta ainihi, ba irin tarkacen da ake ƙyafewa a nan ba. A Kwatano ya samo ta, har da takardar tarihinta, kuma sai da ya sayar da filinsa na Rigasa kafin kuɗin su cika. Akwai wani Bature da zai zo ran Juma'a ya biya ninki uku, sharaɗinsa ɗaya, a kwance wuyan ya ga ciki. Shi ya sa Alhaji ya zo a fara kwancewa a nan, kada ƙusa ta ba shi kunya gaban baƙo.

Malam Jatau na neman sukudireba, Alhaji na zuba. Ya rantse shekararta sittin a hannun mawaƙa. Ya ce mai ita na farko wani makaɗi ne na kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda da ita ya yi kiɗa ranar da aka sauke tutar Ingila. Malam Jatau ya san labarin nan sarai, don shi ne wanda Alhaji da kansa ya ƙaga a da, har ya zo kunnensa. Labarin ne ya zaga Legas da Kwatano ya yi ƙiba, ya dawo da hatimi da sa hannu, har mai shi bai gane shi ba. Malam Jatau ya kai hanci jikin katakon jitar ya shaƙa. Ƙuli-ƙuli ne da yaji, ko tantama babu.

Ya kwance ƙusoshi huɗun, ya ɗaga wuyan, ya juya wa Alhaji ramin. Alhaji ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Sunan Jatau dai bai motsa ba.

Da bakinsa ya buɗe, lallashi ya fara. Ya ce a kankare rubutun, a shafa ɗan baƙin mai a wurin, in Bature ya biya za a raba riba. Malam Jatau ya ce hannun da ya rubuta ba zai goge ba. Sai lallashi ya koma zagi: ai shi ne uban 'yan damfara, da bai tsofar da ita ba wa zai ruɗu? Malam Jatau ya ce shi kama yake sayarwa, kuma bai taɓa sayar wa kowa da shekara ko ɗaya ba.

Alhaji ya zube kan benci. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, “To Malam Jatau, tunda taka ce, ka saye ta. Nawa za ka ba ni?”

Malam Jatau ya juya ta gaba da baya, ya ɗan ƙwanƙwasa. “Dubu ashirin.”

“Ashirin? Kai da kanka a tamanin ka sayar min da ita!”

“Sabuwa na sayar maka, Alhaji. Wannan kuwa tun da ka shigo kake rantsuwa shekararta sittin ana dukanta.”