Filomena Ta Rasu, Mai Ita Na Nan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, Doña Basilia Tarqui ta unguwar Río Seco a birnin El Alto, mai sarin cuku da dankali, tana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki, da duk wanda ya taɓa sa hannu ya tura mata mota da safe, rasuwar abokiyar tafiyarta Filomena, farar mota mai dogon baya, 'yar asalin Japan. Rai ya yi halinsa ranar Litinin da ta wuce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a kan hanyar ƙasa tsakanin Warisata da Achacachi, tana ɗauke da cuku ɗari biyu da buhu shida na dankali. Ta rasu tana da shekara talatin da ɗaya a takarda. Goma sha tara daga ciki a hannun Doña Basilia ta yi su, kuma a bakin aiki ta cika.

Mai rubuta wannan sanarwa ita ce Remedios Yujra, uwar baftismar marigayiya, don haka kada wani ya buɗe baki ya ce ina ruwana.

An haifi marigayiya a can ƙetaren teku, ta yi wa wani bawan Allah aiki shekara goma sha biyu, ya gaji da ita tana da sauran ƙarfinta. Ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Iquique, aka yi mata tiyata, aka ciro sitiyari daga dama aka dasa a hagu. Maleji kuwa aka bar shi inda yake, don haka wanda ya zauna a kujerar fasinja shi ke sanin gudun da ake yi. Haka dubban 'yan uwanta suke yawo a garin nan, ba wanda ya taɓa kiran abin nakasa.

Doña Basilia ta saye ta a kasuwar Alhamis, wata takwas bayan rasuwar mijinta, tana da shekara arba'in da biyu, ba ta ma san inda birki yake ba. Direbobin bas ne suka kai ta bango. Yau a ce cukunta yana ɗiga, gobe a ce ta biya kuɗin kujera uku, jibi a wuce ta a bakin hanya ko kallo babu. Ta kwance zanen goyonta, ta biya lakadan a kan bonet, aka miƙa mata takardu da sunanta a jiki. Maza suka tsaya suna ƙyaƙyata dariya, wai mace mai siket biyar ta ina ƙafarta za ta lalubo kuloci? Ta lalubo. Biyu daga cikin masu dariyar nan, daga baya ita ta kai matansu asibiti haihuwa.

Bayan sati biyu muka kai ta bakin tabki, Copacabana. Muka tsallaka a kan jirgin katako, mota na rawa muna rawa. Ni na sayi furannin da aka yi mata ado da su. Fada ya yayyafa mata ruwa har cikin inji, muka zuba wa kowace taya giya don Uwar Ƙasa ta sha ta bar mana hanya lafiya, aka raɗa mata suna. Tun daga ranar ba ta sake sanin wata giya ba sai giyar mota da ake sa mata, ita ma ta ukun sai da lallashi take shiga.

Marigayiya mutuniyar kirki ce, mai haƙuri, mai kawar da kai. Da sassafe, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a bokiti, duk layinmu ya san muryarta: "Kyar-kyar-kyar… kyar… kyar… gurum!" Da shi yara ke tashi shirin makaranta. In ta iso ƙauye kuwa sai ta yi sallama, "Mbeee! Mbe-mbeee!", mata su fito da kwandunan cuku a ka. Ta ɗauki dankali, ta ɗauki tumaki, ta ɗauki makaɗa bakwai da kakakinsu zuwa biki, ta ɗauki akwatin gawar kawun Doña Basilia da rabinsa a waje. Ba ta taɓa tambayar ina za a ba. Malejinta ya tsaya cak tun shekara goma da suka wuce, daga nan ba wanda ya sake ƙirga mata taku.

Ba za mu yi wa mamaci ƙarya ba. Tana shan baƙin mai fiye da kima. Ƙofar baya ta dama daga waje kaɗai ake buɗe ta. Warin cuku ya kama kujerunta har abada, amarya ɗaya ta taɓa sauka a tsakiyar hanya ta ƙarasa coci da ƙafa. Amma duk lotsawar da ke jikinta an san ranarta da dalilinta, kuma ba a taɓa tura wa kowa takardar tara a kanta ba.

Ciwon ajali ya fara ne da tari tun cikin damina, sai hayaƙi shuɗi. Likitanta, Don Sabino bakanike, ya kasa kunne ya ce a sauke inji. Doña Basilia ta ce a bari bayan kakar dankali, kuma yau ita da bakinta take cewa ta yi kuskure. Ranar Litinin, a gangaren Warisata, marigayiya ta yi maganarta ta ƙarshe: "Tak-tak-tak-tak… ƙwas." Sai shiru. Doña Basilia ta sauko, ta buɗe bonet, ta ga baƙin mai yana bin ƙasa, ta cire hularta ta riƙe a ƙirji. Waya ba ta kamawa a wurin, sai da ta hau wani tudu kafin ta samu ɗanta.

Bayan awa huɗu Edson ya iso. Shi ne ɗanta na fari, yana aiki a ofis a can ƙasan birni. Ya zo da sabuwar motarsa mai ruwan toka, irin ta hayar wata-wata, wadda kamfani ke canja masa duk shekara. Uwar ta zaro igiya daga but ta miƙa masa. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Mami, ba zan iya ja ba."

"Duk girman nan ba ta da ƙarfi?"

"Ba ƙarfi ba ne, yana cikin takarda. Ba a ja da ita, ba a ɗaura mata kaya a sama. Ko hanyar nan da na biyo ma, akwai na'ura a ciki da ke gaya musu inda nake."

"To ɗebi cukun, rana tana yi."

Ya dubi kujerunsa, ya dubi cuku. "Warin, Mami. In na mayar da ita sai sun caje ni."

"Sannu, mai mota," in ji ta. "Allah ya bar ka da su."

Wata babbar mota mai ɗauke da tumaki ce ta ja gawar har gida. Edson ya biyo su a baya sannu a hankali. A faɗi gaskiya, kunya ta ci shi, ya tuɓe rigarsa ta ofis ya shimfiɗa a but, ya jera cuku ashirin a kai. Sauran a kan cinyar masu tumaki suka iso.

Marigayiya ta bar taya huɗu, babu biyu da suke uwa ɗaya uba ɗaya. Ta bar batir ɗan wata biyar, da jak, da igiyar da aka ambata, da ɗan hoton Budurwa Maryamu da rana ta cinye wa fuska. Ta bar Don Sabino, wanda da kuɗin gyaranta ya rufa wa ɗakinsa kwano. Ta kuma bar mata goma sha huɗu a ƙauyukan Warisata da Achacachi, waɗanda duk Litinin da Juma'a suke jira a bakin hanya, domin in Doña Basilia ba ta zo ba, sai su sayar wa 'yan tsakiya a rabin kuɗi ko su ba alade.

Iyalai suna godiya ga duk waɗanda suka zo gaisuwa. Amma akwai gaisuwar da ta zo da takardu, kuma dole a faɗa. Washegari da yamma Edson ya shigo, ya sumbaci uwarsa, ya jera takardu uku a kan tebur kusa da kofin kunun masara. Ina zaune a wurin.

Ta farko irin tasa ce. Ki biya duk wata, inshora nasu, gyara nasu, taya nasu, ke dai ki zuba mai. Ba mu ce abin banza ba ne, ga mai zuwa ofis ya dawo a kan kwalta madalla. Amma kilomita dubu ɗaya aka yanka a wata.

"Sati biyu zan yi in cinye," in ji Doña Basilia. "Sauran biyun in zauna ina goge ta?"

Ta biyu hayar shekara uku ce, a ƙarshe ki mayar, ko ki sake zuba wani kuɗin ta zama taki.

"Wato in yi renon 'yar wasu, sai ta saba da hannuna su zo su ɗauke. Kai Edson, da sunan wa zan kai ta tabki? In fada ya ce ina mai ita, in nuna masa lambar wayar kamfani? Comadre, ke uwar baftisma, kin taɓa sayen fure don motar da za a mayar?"

Na ce ban taɓa ba, kuma ba a kaina za a fara ba.

Ta uku ta banki ce. Sabuwa fil, da sunanta, biya shekara biyar. Sai dai tunda ba ta da takardar albashi, takardun gida za ta ajiye musu.

"In masu zanga-zanga suka tare hanya wata guda fa? Shekarar da aka tare kwana ashirin, Filomena a tsakar gida ta kwanta, kaji suka yi ƙwai a cikinta, ba wanda ya buga mini waya. Gidan nan ubanka ya ɗora bulo da hannunsa. Kwashe mini."

Sai Edson ya ture takardun gefe.

"Mami, ni ba mota nake so ki zaɓa ba. So nake ki daina. Ko ki ɗauki ta wata-watan da sunana, ki riƙa zuwa coci da kasuwa, abinci ni zan kawo. Shekararki sittin da ɗaya. Awa huɗu kina tsaye a daji ke kaɗai. Da ke ce kika yi shiru a gangaren nan ba ita ba fa?"

Ya yi kuka, namiji mai 'ya'ya biyu. Ni ma sai da na share ido, domin yaron nan tsoro ne ya kawo shi, ba raini ba. Doña Basilia ta ƙara masa kunu, ta tura masa kofin.

"Ni ma na ji tsoro, ɗan nan, ba zan ɓoye maka ba. Amma ranar da na zauna a ɗaki ina jiran ka aiko, ranar comadre za ta rubuta irin wannan takarda da sunana. Kana son taimako? Saya mini wayar da ke kamawa a Warisata. Sannan ranar Alhamis ka zo ka kwanta a ƙarƙashin mota tare da Don Sabino, idonka ya fi nasa."

Edson ya shanye kunun ya tattara takardunsa.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe za a wanke gawa a ƙofar gida. Daga nan za a ja ta da igiya zuwa kasuwar Alhamis ta 16 de Julio, Doña Basilia ce a sitiyari, ba ta yarda wani ya riƙe ba. Ba a bukatar furanni. Mai zuwa ya zo da ganyen koka na taunawa da ƙarfin kafaɗa, akwai hawa kafin a shiga kasuwa. A layin masu kayan gyara Don Sabino zai raba gado: gilasai, ƙofofi, fitilu da akwatin giya duk za su shiga jikin 'yan uwanta da ke kan hanya. Masu takardun haya da na banki in suna son yin gaisuwa ƙofa a buɗe take, amma su bar biro a gida.

Da an gama, masu makoki za su wuce kai tsaye layin motocin hannu. Doña Basilia ta san abin da ke zanenta ba zai sayi yarinya ba, wata tsohuwar zai saya. Ta san ana shafa fenti a kan tsatsa, ana juya maleji baya, ta san za a iya cutarta, kuma in aka cuce ta ba kamfanin da zai zo ya canja mata. Ta ce ta ji ta gani. Yau da rana Edson ya bugo ya ce ya ɗauki hutun ranar, zai zo da tsofaffin kaya da tocila, kuma a bas zai zo.

A ƙarshe, saƙo ga matan Warisata da Achacachi. Juma'ar nan babu zuwa, ana zaman makoki, ku ƙara wa cuku gishiri. Kada wadda ta sayar wa ɗan tsakiya. Ranar Litinin da ƙarfe takwas ku fito bakin hanya da kwandunanku. Ba mu san launin motar ba tukuna, ba mu san irin kukan da za ta yi ba. Ku duba direba.