Uwar Kwamfuta Ta Rasu Sanadin Filashin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa kai ga nufin Ubangiji, iyalin Baba Ishmael Didam na bayan tashar jirgin ƙasa, Kafanchan, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar uwarsu Modabod, wadda aka fi sani da Uwa. Ta rasu daren Talata bayan gajeriyar rashin lafiya. Ta tafi ba ta buga firogiram ɗin auren Angelina ba, 'yar maƙwabciyarsu Mama Milka, ga shi ranar Asabar za a raba shi a ƙofar majami'a.

Wani kuka ne ya fara sanar da unguwa, siriri, dogo, ba numfashi: fiiiiii. Mama Dinah, matar Baba, ta fito da tsintsiya, a zatonta kyanwa ce ta kama ɗan tsako. Mama Milka ta leƙo ta katanga don ta ga wa ya manta da buta a kan wuta. Baba kaɗai ya san mai muryar, domin yana tsaye a kanta, da igiyar wuta a hannunsa.

Iyali suna neman gafara da aka rubuta wannan sanarwa da biro. Wadda ta saba buga sanarwar mutuwar kowa a unguwar, ita ce yau a kwance.

Ba a san ranar haihuwar marigayiya ba. Ta iso gidan nan a kan babur, cikin kwalin taliya, daga wata makaranta a Kagoro da ta yi gwanjon tsofaffin kayanta, shekarar da Baba ya bar aikin reluwe. Da aka gaya masa cewa koren falankin da ke cikin kwamfuta sunansa uwa, sai ya kwance murfin ya zauna yana kallo har tuwo ya huce. Ya ga tituna, ya ga gidaje da tankunan ruwa, kamar mutum ya hau dutsen Kagoro ya hango gari. Tun daga ranar bai ƙara kiran ta da wani suna ba.

Mace ce mai ƙarancin magana. Da safe idan aka tashe ta, fit ɗaya take cewa, ma'ana kowa ya kwana lafiya, sai ta kama aiki. Ba ta da ɗariƙa. Ta buga wa Katolika, ta buga wa Baptis, ta buga wa Zumuntar Mata waƙoƙin sabon rai, ta buga katin walimar ƙanwar Sambo mai gyara. An sha ɗauke mata wuta tana tsakiyar magana, ba ta taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Aibinta ɗaya ne, idan ma aibi ne: ba ta gaggawa.

Wannan rashin gaggawa shi ne mafarin ciwon. Mama Milka ta ce ba ta son firogiram irin na jana'iza. Tana son hoton Angelina da angonta Asher, ɗan garin Madakiya, a cikin zuciya, furanni kewaye, kurciyoyi a sama suna riƙe da zobe. Uwa ta karɓi zuciyar, ta karɓi furannin. Da aka zo kan kurciyoyi sai ta fara nishi. Kafin fuffuke ɗaya ya fito, Mama Dinah ta gama wanke acca.

Kowa ya san Baba da son abin mamaki. Yana da usur na jirgin gawayi, yana da wani dutse da ya ce daga sama ya faɗo a Gwantu. Don haka da ya ga wani furosesa a shagon Sambo, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda aka ce daga wata ƙatuwar na'ura ta ƙasar waje aka ciro shi, bai iya barin sa ba. Girmansa ɗaya da na tsohon da ke ƙirjin Uwa, cikinsa duk ɗigon zinariya. Ya kawo shi gida a aljihun gaba, ya ɗaga tsohon, ya zaunar da baƙon.

Uwa ba ta ce fit ba. Fanka tana juyawa, allo baƙi ƙirin. Da aka mayar da tsohon sai ta gaishe shi kamar kullum.

Sambo, wanda ya zama likitan iyali, ya yi bayani. Ya ce akwai wani ɗan ƙwayar abu a jikinta mai suna bayos, nan katikisim ɗinta yake, duk abin da aka koya mata tun tana ƙarama, har da sunayen 'ya'yan da za ta iya goyo. Sunan baƙon ba ya ciki, kuma waɗanda suka ƙera ta sun daɗe da mantawa da ita. Amma akwai wani bawan Allah a intanet, wanda hotonsa kyarkeci ne sanye da tabarau, da ya saka sunan baƙon cikin katikisim ɗin da hannunsa. Sambo ya sauko da sabon katikisim ɗin ya ajiye a cikin na'urar. Ya ce abu ne mai hatsari, wasu ya tashe su, wasu ya kwantar da su har abada. Ya roƙi Baba, ya haɗa shi da girman furfurarsa, kada ya yi filashin sai ya zo da safe da janareta.

A nan iyali suna so a fahimce su. Baba ya yi aji huɗu a makarantar mishan, kuma ba yau ya fara filashin ba. Duk Lahadi bayan sujada yana yi wa ɗansa na Abuja, ba a taɓa samun ranar da yaron ya riga shi ɗauka ba. Daga Kafanchan har Zonkwa, ƙaramin yaro ma ya san filashin: ka kira, ta yi ƙara, ka katse kafin a ɗauka. Bai ga dalilin tayar da janareta saboda wannan ba, ga Asabar tana matsowa.

Bayan addu'ar dare ya danna abin da Sambo ya ajiye. Wani koren layi ya fara tafiya a allo, da rubutun Turanci ja a ƙasansa, wanda Baba ya ɗauka gaisuwa ce. Ya bar layin ya kai tsakiya, don ladabi. Sannan, da saurin da ya yi suna da shi, ya zare igiyar.

Daga baya ne Sambo ya ce a yaren masu kwamfuta, filashin shi ne a goge tsohon karatu a rubuta sabo. An riga an goge Ubanmu Wanda Ke Cikin Sama, ba a kai ga Amin ba. Iyali ba su ɗora wa kowa laifi ba. Suna dai tambaya, me ya sa Bature zai ba abu biyu suna ɗaya.

An yi iyakar ƙoƙari. An cire mata ɗan batirin da ke kama da kwabo, an mayar. An ɗaga tsohon furosesa, abokin zamanta na shekara da shekaru, aka sake zaunar da shi a gurbinsa, ba ta gane shi ba. An ce 'ya'yan masu hali suna da bayos biyu, in ɗaya ya mutu ɗaya ya tashi. Ita rai ɗaya aka ba ta, kamar kowa.

Ta rasu ta bar allo, wanda har yanzu yake sanye da baƙi. Kibod, da ba shi da harafin M tun bikin Kirsimetin bara. Firinta, wadda ta ƙi cin takarda tun da abin ya faru. Da baƙon furosesa, wanda ya koma kan kantar ɗakin Baba kusa da dutsen Gwantu. Ta kuma bar faifan ajiya, lafiyarsa ƙalau, da Angelina da Asher da kurciya ɗaya da rabi a cikinsa. Igiyarsa irin ta dā ce mai faɗi kamar bel, an zaga gari ba a sami na'ura mai irin bakinsa ba.

Iyali suna da begen tashin matattu. An ce akwai wani a Jos mai wani ɗan awartaki da ake kama bayos da shi a sake koya masa karatu. An yi masa filashin, bai kira ba tukuna.

Za a yi zaman makoki ranar Alhamis da yamma a ƙofar gida, Zumuntar Mata za su yi waƙa da ka, tun da babu mai buga takarda. Za a kai gawa shagon Sambo ranar Juma'a da safe, a cikin kwalin da ta zo da shi, a ajiye ta saman kantar shagon tare da sauran tsarkaka. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su kashe wayoyinsu.

Mama Milka ce ta fara zuwa gaisuwa. Ta durƙusa, ta yi wa Baba sannu, ta yi wa Mama Dinah sannu, ta daɗe tana kallon baƙin allon. Da ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta, sai ta juyo daga bakin ƙofa.

"Allah ya ba da haƙuri, Baba. To, ranar Asabar ɗin, me za mu miƙa wa mutanen Madakiya?"