Kastanar Doki a Titin Jurf

Har in mutu ba na jin zan manta da shekarata ta farko a kamfanin dashen itatuwa. Na fito daga makarantar noma da takarda ɗanya shar, ana ce mini Muhandis, wato injiniya, ni kuma ina amsawa da ƙarfi (alhali ban taɓa raya ko barkono a gwangwani ba).

Baladiyya, wato hukumar birnin Madina, ta ba mu wani sabon titi a unguwar Jurf, mudir, shugaban kamfaninmu, ya ce in zaɓi abin da za a dasa. A wani littafin Turkiyya na ga kastanar doki, itace mai faɗin ganye, furanninsa farare a tsaitsaye kamar kyandir. Nan take na kamu. Har na fara hango mutane suna tambayar wane gwani ne ya kawo wannan itace Madina.

Mai ban ruwanmu Baba Ilu ne, mutumin Maraɗi, shekara talatin yana riƙe da tiyo. Yana da wata al'ada: duk baƙon itace sai ya ajiye ƙwaya ɗaya a tukunya a bakin kwalta, ta sha rani guda. In ta rayu, a dasa sauran.

"Ɗana, a ba shi rani ɗaya mu gani," ya ce.

"Baba, wannan ilimi ne, ba gwaji ba. Khalas."

Ya ja tiyonsa ya ci gaba da ban ruwa. Aka kawo guda arba'in, muka dasa.

Watan shida na kamawa ganyen ya ƙone daga baki, ya naɗe, ya koma kamar soyayyen kifi. Mudir ya zo da rana tsaka, ya dubi titin, ya juya kan Baba Ilu. Ya ce ba ya ba su ruwa, kuma in haka ne kamfani ba zai sabunta masa iƙama ba, wato takardar izinin zama. Ma'ana dai tsohon ya tattara ya koma gida.

Ni kuwa? Na duƙa ina gyara igiyar takalmi (takalmin ma ba shi da igiya).

Baba Ilu bai kalle ni ba. Ya durƙusa, ya tura hannu a gindin itacen har wuyan hannu, ya ɗebo jiƙaƙƙiyar ƙasa ya nuna.

"Ya mudir, ruwa na nan. Itacen ne ɗan ƙasar sanyi. Duk wanda ya ga hotonsa zai so shi, ba laifin kowa ba ne."

Ba laifin kowa ba. Mutumin da ake shirin kora, shi ke rufa mini asiri. Kunya ta kama ni har na ji kunnuwana sun fi kwaltar zafi. Da ƙyar na ce, "Ni na zaɓa. Ya hana ni, na ƙi ji."

Mudir ya juya ya tambayi Baba me za a dasa. Ya ce magarya da darbejiya. Aka sabunta masa iƙama, ni kuma aka ce in bi shi wata guda ina ja masa tiyo. Ko sau ɗaya bai tayar mini da maganar ba, kuma har yau ban ga dattijo irinsa ba.

Tun daga nan, kafin in buɗe littafi sai na fara tambayar wanda ya fi ni shan dukan rana.