Yadda Ake Farautar Ragon Dutse da Suruki

Idan ka bi abin da zan faɗa maka tiryan-tiryan, na yi maka alkawari za ka hau dutsen Tamgak da surukinka ka sauko da mutuncinka cif-cif, kuma kafin damina zai sallame ka, ka ɗora tabarmin bukkar matarka a kan jakuna ku koma wajen danginka. Ai ka san ba don nama za ka je ba. Shekara guda da aure kana zaune a zangonsu kamar baƙo, tsohon bai ce uffan ba kan maganar tashi, yau kuma ya aiko ka raka shi farauta. Gwada ka zai yi. Ni an gwada ni, saboda haka ka kasa kunne.

1. Ja amawali

Ja shi har gindin ido. In kana ganin hanya sosai, to ka yi rashin kunya. Tuntuɓe kowa na yi, amma hancin namiji a waje gaban uban matarsa, wannan har jikoki sai sun ji labari.

2. Karɓi guzuri, kada ka taɓa shi

Matarka za ta cusa maka cuku da dabino a jaka. Tawa, Tekna, cewa ta yi, "Ka ci ka sha in ya ba ka baya. Kana ji na? Baba ba zai ce maka ci ba, kai ma ba za ka ci a gabansa ba. To ka yi aiki da hankali."

Ka ce to. Mata ba su san farauta ba.

3. Bar kare ya kai saƙo

Ba ka yi wa suruki magana kai tsaye, shi ma ba ya yi maka. Amfanin kare ke nan. Tsoho zai dubi karensa ya ce, "Sawun nan na safiyar yau ne, ga wasu suna tattaka mana shi." Kai ne wasu. Ɗage ƙafarka, ka dubi karen cikin ladabi ka ce, "An gode."

4. Kada ka bar shi ya je ko'ina shi kaɗai

Nan ne ake gane ɗan halak. Idan rana ta take, zai rataye salka a jikin ƙaya, ya ce wa kare, "Zan zagaya bayan dutsen can in duba sawu. Zan daɗe fa. Ga salka nan a cike."

Malalaci zai zauna a inuwa. Kai kuwa miƙe ka bi shi, ya ga irin mijin da 'yarsa ta samu. In ya ƙara sauri, ƙara. Ni ranar farko sau biyar ya zagaya, sau biyar ina biye da shi. A ta biyar ya tsaya, ya daɗe yana kallon kare, ya ce, "Wasu dai akwai naci." Na ji daɗin yabon nan har cikin raina.

5. In rago ya bayyana

A rana ta biyu harshenka zai zama kamar tsohon takalmi. Kada ka damu, alamar juriya ce. Karen zai ritsa ragon a kan wani tsini, gemunsa har gwiwa, ƙahonsa ya lanƙwasa baya. Tsoho zai kafa mashi a ƙasa ya ce wa iska, tunda kare na aiki, "Hannuna ya tsufa. A bar wa masu ƙarfi."

Ɗauki mashin. Za ka ga raguna uku. Zaɓi na tsakiya, wannan shawara ce da na saya da tsada. Ni na hagu na zaɓa. Mashi ya tafi kwazazzabo, ni na tafi ƙasa, rago ya tafi harkarsa.

6. Sauko da natsuwa

Za ka farfaɗo a kife bisa jaki, ɗaure da igiyar da aka tanadar wa rago. Gaban rigarka sharkaf, domin Tsoho ya ɗura maka ruwa ta ƙarƙashin amawali, fuskarsa a juye gefe don kada ya ga bakinka. Har yau in na tuna ina ƙaunar mutumin nan, kuma ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

A bakin zango kada ka motsa. Ghisa, taubashin matata, shi ya fara tarar mu.

"Kawu, sannu da farauta. Wannan ai ba shi da ƙaho. A yanka, ko a ɗaure shi ya yi ƙiba?"

Ci gaba da suma. Sumamme ba ya jin ba'a.

7. Saurari hukunci

Daga bakin Tsoho zuwa na matarsa, daga nan zuwa na matarka. Tekna ta shigo da ƙwaryar nono ta ce, "Baba ya ce bai taɓa ganin mai kunya irinka ba."

Na ce, "To yaushe za mu ɗaura kaya?"

"Sha tukuna." Na sha. Ta ce, "Ya ce sau tara yana bar maka salka ya ɓuya, har ƙafarsa ta kumbura, sau tara kana bin sa. Ya ce daga nan zuwa garinku Timiya kwana shida ne, rijiya uku. Wanda bai san lokacin shan ruwa ba, ba zai ba shi 'yarsa ya bi wannan hanya da ita ba. Sai baɗi."

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan ya suma, ko ya karye, ko ya ɓatar da mashin mutane, ko malaman daji suka kama shi tunda yanzu an hana farautar, kada ya ambaci sunana. Mai ƙorafi ya zo ya same ni, ba ni da wuyar samu. Gindin Tamgak, bukka ta uku daga ta Tsoho. Bana damina ta bakwai ke nan ina nan.