Nomau da Ɓataccen Sanyi

A Ƙauran Namoda, can bayan tsohuwar tasha, akwai wani gida da har yau ake kira gidan Alhaji Bagudu, ko da yake Alhajin ya daɗe da kwanta dama. Lokacin da auduga ke da daraja ya gina shi, ya sa aka girke masa wani ƙaton injin sanyi a bayan gida, aka bi cikin silin da bututun kwano, kowane ɗaki da bakinsa mai huro iska. Arziki ya tafi, injin ya zauna. Mutum uku suka rage a gidan: Inna Yalwa matar marigayi, wadda hawan jini ya kwantar, da 'yarta Tasalla mai jinyarta, sai autanta Nomau. Shi Nomau ƙato ne, har furfura ta fara leƙo masa a gemu, zuciyarsa fes, amma duk abin da aka ce masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Tun Tasalla na goya shi take gyara ɓarnarsa, har ta gaji irin gajiyar da barci ba ya magani.

Da bazara ta tsaya a waccan shekara, injin yana ta ruri a baya, amma iskar da ke isa ɗakin Inna ko labule ba ta kaɗawa. Tsohuwa ta daina barci, ta daina cin abinci, sai juyi a kan gado. Babban ɗanta Ɗanladi ya bugo waya daga Kaduna ya ce in ba a gyara ba zai zo ya ɗauke ta, a rufe gidan. Inna kuwa tun ranar da aka fita da mijinta ta datse ɗakinsa da kwaɗo, ta jefa makullin a rijiya, ba mai kusantar ƙofar sai kyanwar gidan da ke wuni kwance a bakinta. Wadda ta yi haka ba za ta bar gidan da daɗin rai ba.

"Ki faɗa wa na Kaduna," in ji ta, "nan aka kawo ni, daga nan za a fita da ni."

Tasalla ta kira Malam Shekarau mai gyaran injin sanyi, wani dattijo mai ciwon gwiwa. Ya duba ya ce injin lafiyarsa lau, bututun ne ya huje, sanyin yana zurarewa a hanya. "Sai dai ni gwiwa ba ta barina hawa silin. Akwai namiji a gidan?" Tasalla ta dubi Nomau, ta yi ajiyar zuciya, ta ce akwai.

Wata rana Malam Shekarau ya jingina tsani ya ce, "Nomau, ka hau ka bi bututun kana shafawa. Inda ka ji sanyi na fita, ka tsaya nan, kada ka motsa sai na kira ka." Nomau ya hau. Bai jima ba aka kira Malam a waya wani aikin, ya hau babur ya tafi, ya manta da mutum a sama. Aka yi azahar, aka yi la'asar, tuwon Nomau ya huce. Tasalla ta zaga kasuwa, ta leƙa masallaci, har bakin rijiya ta je gabanta na faɗuwa. Sai dab da magariba ta ji tari a saman kanta.

"Nomau! Me kake yi a nan?"

"Na tsaya, Yaya."

"To sauko mana!"

"Ba ke ce Malam ba."

Sai da aka buga wa Malam Shekarau waya, ta hau tsani ta miƙa wayar cikin silin, ya kira sunansa da bakinsa, sannan Nomau ya sauko, kansa duk yanar gizo. Ya ce, "Yaya, ashe sanyin gidan nan duk a sama yake zaune."

Wata rana Malam ya kawo salatif mai ƙyalli, irin na liƙe bututu, ya ce, "Duk inda iska ke fita, ka toshe." Tasalla na wanki ba ta ji ba, da ta ji da ta ƙara bayani. Nomau ya liƙe hujojin silin tsaf, aikin har da kyau. Daga nan ya sauko ya bi ɗaki-ɗaki ya liƙe bakunan da ke huro sanyin su ma. Ya liƙe tagogi, ya liƙe bakin buta, ya kori kyanwa ya liƙe ƙasan ƙofar ɗakin Alhaji. Injin ya shiga gurnani, can cikin silin wani abu ya yi ƙara ya ɓalle. Tasalla ta shigo da gudu, hannu duk kumfa, ta tarar da shi tsaye a kan Inna da ta samu gyangyaɗi, ya yanki salatif yana tunani.

"Yaya, hancin Inna ma yana ciki?"

Ta karɓe salatif ɗin, ta wuni tana ɓanɓara, fenti na biyo shi. Da ta zo ƙofar Alhaji ta ce, "Nan kuma me ya kawo ka?" Ya ce iska na fita. Ta ce ya rufe mata baki, ta ɓare, kyanwa ta koma wurinta.

Wata rana kuma Malam ya ce a gwada dabarar masu facin taya: a shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu, inda kumfa ta taso nan hujin yake. "Ka jiƙa ko'ina, kada ka bar wuri a bushe." Nomau ya dubi ɗan kwanon da aka ba shi, ya dubi faɗin silin, ya ga ba za ta yiwu ba. Ya koma ɗaukar bokiti. Matan unguwa sun zo gaida Inna suna zaune a falo, sai ɗigo ya fara sauka a kan ɗankwalin ɗaya. Kafin a ɗaga kai silin ya yi ciki ya rufto, ruwa da kashin ɓera da ƙafar Nomau guda tana reto. Mata suka watse ba sallama, wata har da barin takalmi. Daga sama aka ji murya: "Malam, kumfa ta taso ko'ina!"

Ranar Tasalla ta zauna a bakin murhu ta yi kuka, ba don silin ba. Ta ga ƙarfinta ya ƙare, a zuciyarta ta hango motar Kaduna tsaye a ƙofar gida, ta ga Inna a wani ɗaki mai tayil tana kallon bango har ta mutu. Ɗanladi kuwa ya sake bugowa ya ce ranar Asabar yana tafe, a haɗa mata kaya.

Wata rana, ana gobe Ɗanladi zai zo, Malam Shekarau ya zauna a kan turmi yana murza gwiwa. Ya ce duk inda hannu ke kaiwa an liƙe, amma sanyin ɗakin Inna bai dawo ba, akwai babbar ɓaraka a wani wurin da katanga ta tare. Ya ce saura dabara ɗaya, a kawo turaren wuta. Tasalla ta zuba garwashi a kasko ta barbaɗa turare. Malam ya miƙa wa Nomau ya ce, "Ka zaga gidan a hankali kana kallon hayaƙin. Inda ka ga iska ta ture shi, ka buɗe wurin mu gani." Tasalla ta buɗe baki za ta gyara zancen, sai ta ji ba ta da ƙarfin, ta koma yi wa Inna fifita.

Ba a daɗe ba sai ga ƙarar taɓarya a kan ƙarfe. Ta fito ta tarar da kyanwa ta haye katanga, kwaɗon ɗakin Alhaji a ƙasa, Nomau ya sa kafaɗa a ƙofar.

"Na shiga uku! Nomau, ɗakin Baba?"

"Nan ya ture hayaƙin, Yaya."

Ƙofar ta buɗe, wani sanyi ya bugo su kamar na asubahin damina. Silin ɗakin ya faɗo a gefe guda, bututun ya rabu biyu, bakinsa na reto a kan gadon Alhaji yana ta kwararo iska. Malam Shekarau ya leƙa ya yi salati.

Sai ga Inna ta fito tana dafa bango, wadda ko banɗaki sai an riƙe ta. Tasalla ta runtse ido tana jiran tsinuwa. Inna ta tsaya a bakin ƙofar ta daɗe tana kallo: babbar riga a rataye, buzu a shimfiɗe, takalmansa a inda ya cire su. Sannan ta ce, "Ka ji mutum. Da ransa ma haka yake, shi kaɗai zai shanye sanyin gida ya bar mu da gumi." Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. Malam ya ce gobe da safe zai haɗa bututun. Ta ce, "Bar shi yadda yake. Tasalla, kaɗe gadon nan, ki ɗauko mini matashina."

Washegari da hantsi Inna na ta barci a ɗakin mijinta, har da lulluɓa. Tasalla ta ce, "Nomau, kada ka bari kowa ya tashe ta," ta shimfiɗa tabarma a gefen gadon don ta ɗan miƙe baya. Da motar Kaduna ta iso, Ɗanladi ya tarar da ƙanensa a bakin ƙofa riƙe da taɓarya.

"Kauce in ga Inna."

"Ba a tashinta."

"Ni ne fa, yayanka!"

"Kowa aka ce, Yaya."

Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce a kira Tasalla, Nomau ya ce kiran zai tashi Inna. Haka Ɗanladi ya zauna a zaure yana sharce gumi har rana ta karkata. Daga ƙarshe ya roƙi a bar shi ya leƙa kawai, ya yi alkawarin ko tari ba zai yi ba. Nomau ya yi nazari, ya ga ba a hana leƙe ba, ya buɗe masa kaɗan. Ya ga uwarsa kwance a gadon ubansa tana numfashi a natse, hannunta a kan tsohuwar rigar, Tasalla a ƙasa baki buɗe, barci ya yi gaba da ita. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ja ƙofar da kansa a hankali, ya fita ya ce wa direba ya sauke buhun shinkafar da suka zo da shi, gobe su biyu za su koma.

Da Tasalla ta farka ta ji yadda aka yi, ta fito ta dubi ƙanenta, har yanzu yana tsaye da taɓarya, tun safe ko ruwa bai sha ba. Ta kawo tuwo ta ajiye a gabansa ta ce, "Zauna ka ci, auta. Ka ci har ka ƙoshi." A wannan karon ba ta ƙara bayani ba.